Zanen bugu a Matplotlib

Zanen bugu wani nau'in zanen lissafi ne da ake nuna kowace ƙima da layi a tsaye, wanda ke tasowa daga layin tushe ya ƙare da ɗigo a kansa, kamar tsinken ashana. Ana amfani da shi wajen nuna bayanan da aka auna ɗaya bayan ɗaya, irin su sautin dijital. A faifan CD, misali, ana ɗaukar awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Idan aka haɗa waɗannan ɗigogi da layi ɗaya, mai kallo zai zaci an yi awo a tsakaninsu, alhali ba a yi ba.

Asali

Matplotlib rumbun umarnin zane ne na harshen Python. John D. Hunter, masanin ilimin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, shi ne ya ƙirƙire shi, aka fara sakin sa a shekarar 2003. Umarnin da ke yin zanen bugu a cikinsa sunansa stem, kamar yadda yake a MATLAB. A manhajar gnuplot kuwa, ana kiran salon da ya yi kama da wannan impulses.

Yadda ake zanawa

Ana ba wa stem jeri biyu na lambobi: wurin kowane awo da ƙimarsa. Zanen yana da sassa uku, wato layukan tsaye, ɗigogi da layin tushe, kuma ana iya canza launi ko salon kowannensu. Layin tushe yana zama a kan sifili sai idan an sauya shi da bottom.

A cikin manhajar kwamfuta

Domin zanen ya fito cikin tagar manhaja, ana ƙirƙirar Figure, sannan a ɗora shi a kan allon zane da ya dace da kayan gina tagar. Ana amfani da FigureCanvasTkAgg ga Tkinter, da FigureCanvasQTAgg ga Qt. Idan bayanai suka canza, sai a kira draw_idle don sabunta hoton.

Matsaloli

An fi so a guji pyplot a irin wannan aiki, domin yana riƙe duk zanen da ya buɗe har sai an rufe shi, wanda ke cinye ma'adanar kwamfuta. Haka kuma, idan ɗigogi suka yi yawa, layukan kan cunkushe har zanen ya ƙi karantuwa. A nan gara a nuna ɗan yanki na bayanan kawai.