Tarihin Takalmin Gudun Tsauni

Gudun tsauni, wato tseren ƙafa da ake yi a kan turbobin duwatsu da kwazazzabai da dazuzzuka maimakon kwalta ko filin wasa, ya girmi takalmin da ake sayarwa da sunansa nesa ba kusa ba, domin makiyaya da mafarauta da 'yan aike sun daɗe suna keta tsaunuka da gudu tun kafin wani kamfani ya yi tunanin ɗinka musu abin sawa. Takalmin da ake gani a kantuna a yau yana da sassa uku: tafi, wanda shi ne robar da ke taɓa ƙasa tare da haƙoranta, tsakiya, wadda soso ce mai rage zafin dirar ƙafa, sai kuma rufi, wato yadin da ke lulluɓe ƙafar har zuwa maɗauri. Waɗannan sassa ba a wuri ɗaya aka ƙago su ba, ba kuma a zamani ɗaya ba, kowannensu ya fito ne daga wata ƙasa mai irin nata wahalar, kuma mai saye da bai san wannan asali ba yakan ɗauki takalmin da aka yi domin taɓon Ingila ya kai shi kan fako, sannan ya ɗora wa kamfani laifi.

Har zuwa farkon ƙarni na 20, mai hawan dutse a Turai takalmin fata mai nauyi yake sawa, wanda dukawa suka jera wa ƙusoshin ƙarfe a tafi domin ya kama ciyawa da ƙanƙara. Ƙusa tana da amfani a ƙasa mai laushi, amma a kan falalen dutse zamewa take yi, ga shi kuma ƙarfe yana jawo sanyi zuwa cikin ƙafa, saboda haka mahaya da yawa sukan cire manyan takalmansu a gindin dutse su sa wasu marasa nauyi masu tafin igiya ko tsumma. A shekarar 1935 wannan al'ada ta jawo asarar rayuka a Punta Rasica, wata ƙololuwar dutse da ke kan iyakar Italiya da Siwizalan, inda guguwar ƙanƙara ta rutsa da wata tawagar mahaya sanye da ƙananan takalma, mutum shida suka mutu. Vitale Bramani, mutumin Milan da ke cikin tafiyar, ya ɗora alhakin abin a kan takalmi, ya kuma duƙufa neman tafi guda da zai yi aikin ƙusa da na igiya gaba ɗaya. Da taimakon kamfanin tayoyi na Pirelli, ya yi amfani da robar da aka dafa da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista tun 1844 wadda ke hana roba narkewa a zafi ko tsagewa a sanyi, ya fitar da tafi mai manyan haƙoran roba a 1937 da sunan Vibram. Tawagar Italiya da ta fara kaiwa ƙololuwar K2 a 1954 da irin wannan tafi ta hau, kuma daga nan ƙusa ta fara ja da baya.

Sai dai takalmin Bramani na tafiya ne da hawa, ba na gudu ba. Gudun kansa a arewacin Ingila ya samu gindin zama, musamman a yankin tafkuna na Cumbria, inda tun ƙarni na 19 ake haɗa tseren hawa da sauka daga tsauni a bukukuwan ƙauye irin na Grasmere, makiyayan tumaki da masu yi wa baƙi jagora suna gasa a kan kuɗi kaɗan da suna mai yawa. Ƙasar wannan yanki ba ta da tsawo idan aka gwada ta da tsaunukan Alps, amma ruwan sama ba ya yanke mata, gangarenta ciyawa ce mai santsi da gansakuka da taɓo mai haɗiye ƙafa har idon sawu, kuma a wurare da yawa babu ma turbar da za a bi. A 1932 Bob Graham, mai gidan saukar baƙi a Keswick, ya zagaye ƙololuwa 42 cikin awa 23 da minti 39 da takalmin kambas na wasan tanis, kuma sai da aka yi shekara 28 kafin wani ya karya wannan tarihi. Joss Naylor, makiyayi daga kwarin Wasdale, ya kai adadin zuwa ƙololuwa 72 cikin ƙasa da awa 24 a 1975. Irin waɗannan mutane ba taushi suke nema a takalmi ba, tun da ƙasar da kanta tana da laushi. Abin da ke hana su barci shi ne santsi a lokacin sauka.

Wanda ya share musu hawaye shi ne Norman Walsh na garin Bolton, wanda ya fara koyon sana'a a 1945 yana ɗan shekara 14 a masana'antar J. W. Foster, gidan da jikokin mai shi suka kafa Reebok daga baya, sannan ya buɗe nasa shagon a 1961. Tare da Pete Bland, ɗan tseren tsauni kuma mai sayar da kayan wasanni a Kendal, ya tsara takalmin da aka sani da Walsh PB, mara nauyi, mai matse ƙafa, tafinsa kusa da ƙasa, an jera masa haƙoran roba masu tsini da tazara a tsakaninsu. Hikimar tana cikin tazarar: haƙoran da suka cunkushe taɓo yakan cike su har tafin ya koma sumul, alhali waɗanda aka ware sukan zubar da lakar da kansu a duk lokacin da tafin ya lanƙwashe. Rashin tudu kuma yana kare mai gudu daga targaɗe sa'ad da yake ratsa gangare a karkace. Wannan takalmi ya mamaye tseren tsaunukan Birtaniya shekaru masu yawa, kuma kamfanin Inov-8, wanda Wayne Edy ɗan asalin Zimbabuwe ya kafa a arewacin Ingila a 2003, a kan wannan tafarki ya ɗora nasa aikin. Har gobe, takalmin da haƙoransa suka kai milimita 6 zuwa 8 jikan wannan gida ne, kuma wajen taɓo ba a samu abin da ya fi shi ba.

A Amurka labarin ya bi wata hanya dabam saboda ƙasar dabam ce. A 1974 Gordy Ainsleigh ya shiga tseren dawaki na mil 100 a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya da ƙafarsa, ya kammala cikin awa 23 da minti 42, kuma daga wannan ne aka samu gasar Western States. Turbobin yammacin Amurka busassu ne, masu ƙura da tsakuwa da zafi, tafiyar kuma doguwa ce, saboda haka 'yan tseren farko takalman gudun kwalta kawai suka riƙa sawa, musamman da yake a daidai wannan lokaci ne Bill Bowerman na Nike ya fito da tafi mai ƙananan ƙuraje murabba'i, kamfanoni kuma suka fara sa soson EVA, wani nau'in roba mai cike da ƙwayoyin iska, a tsakiyar takalmi. Abin da wannan yanki ya ƙara daga baya shi ne kariya: siririn faifai mai tauri da ake ɓoyewa tsakanin tafi da soso domin kada tsinin dutse ya soki ƙafa, da kuma ƙarin roba a goshin takalmi saboda tuntuɓe. Haƙoransa gajeru ne, milimita 3 zuwa 4, domin dogon haƙori a kan ƙasa mai tauri ba ya nutsewa, sai dai ya riƙa tokarar tafin ƙafa yana kuma cinyewa da wuri.

Kamfanonin Alps sun shigo ne da gadon da suka samu daga harkokin tsauni. La Sportiva, wanda Narciso Delladio ya fara a 1928 yana yi wa masu saran itace na kwarin Fiemme takalma, da Salomon, wanda aka kafa a Annecy ta Faransa a 1947, sun kawo roba mai danƙo da ke manne wa jiƙaƙƙen dutse, tare da rufi mai ɗaure tsakiyar ƙafa tamau. A nan ne aka fi fahimtar cinikin da babu makawa a cikinsa, wato roba mai laushi tana kama dutse amma ba ta daɗewa, mai tauri kuwa tana daɗewa amma tana zamewa idan dutsen ya jiƙe. Gasar zagaye dutsen Mont Blanc, wadda aka fara a 2003 kuma take ratsa Faransa da Italiya da Siwizalan a tafiyar kimanin kilomita 170 da hawan da ya kai wajen mita 10,000, ita ce ta mayar da wannan sana'a babbar kasuwa ta duniya.

Gardama mafi zafi a tarihin wannan takalmi a kan soso aka yi ta, kuma mutanen da ba su da hannu a kasuwar ne suka zama sanadinta. Rarámuri, mazauna kwazazzaban jihar Chihuahua a arewacin Meziko, suna gudun nesa da takalmin da suke yankawa daga tsohuwar taya su ɗaure da tsirkiyar fata, kusan irin wanda ake yankawa a kasuwannin karkara na ƙasar Hausa. A 1993 ɗayansu, Victoriano Churro, wanda ya haura shekara 50, ya lashe tseren mil 100 na Leadville a tsaunukan Kwalarado da irin wannan takalmi. Littafin Born to Run na Christopher McDougall, wanda ya fito a 2009, ya yaɗa labarinsu tare da da'awar cewa takalmi mai kauri ne ke raunana ƙafa, sannan binciken Daniel Lieberman na jami'ar Harvard a 2010 ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi dira da gaban ƙafa maimakon dunduniya. Jama'a suka yi rububin takalma marasa soso, da yawa kuma suka ji ciwo, domin sun ɗauki takalmin Rarámuri ba tare da ƙafar da ta taso a kan dutse tun yarinta ba. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 domin kashe ƙarar da aka shigar kan alfanun lafiya da ya yi iƙirarin takalminsa mai yatsu biyar yana da shi. Abin takaici a wannan babi shi ne yadda aka mayar da talaucin wata al'umma da juriyarta kayan talla, ribar kuma ba a kwazazzabansu ta sauka ba.

A shekarar 2009 ɗin dai, tsofaffin ma'aikatan Salomon biyu, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka kafa Hoka a kan akasin wannan ra'ayi, suka tula soso mai kauri da faɗi domin sauƙaƙa doguwar gangara, kuma cikin 'yan shekaru kasuwa ta juya gare su. Soso mai kauri yana hutar da cinya da gwiwa a tafiyar yini guda, amma yana ɗaga ƙafa daga ƙasa ya rage mata jin abin da take takawa, wanda hakan haɗari ne a cikin tarin duwatsu. Gardamar ta bar gado mai amfani guda biyu. Na farko, kamfanoni sun fara bayyana bambancin tudu tsakanin dunduniya da yatsu, wanda a tsohon tsari yakan kai milimita 10 zuwa 12, a wasu sababbi kuwa, irin na kamfanin Altra, babu shi sam, kuma mai sauyawa daga wancan zuwa wannan farat ɗaya jijiyar agararsa ce ke biyan kuɗin. Na biyu, an faɗaɗa gaban takalmi, bayan an yarda cewa ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya kuma yatsun da ke dukan goshin takalmi a gangara farcensu mutuwa yake yi. Shi ya sa masu sana'ar ke ba da shawarar a bar sararin da ya kai faɗin babban yatsan hannu a gaba, amma dunduniya da tsakiyar ƙafa su zauna daram. Rubutun "na maza" da ke jikin kwali kuwa ba ya nufin komai face an ɗinka takalmin a kan gunkin ƙafa mai ɗan faɗi da girma, kuma shekaru da yawa na mata ma wannan gunkin aka riƙa ragewa kawai.

Shimfiɗar hana ruwa ta Gore-Tex, wadda ta samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, tana da amfani a dusar ƙanƙara da raɓa mai sanyi, amma 'yan tseren Ingila, waɗanda suka fi kowa sanin ruwa, sun daɗe suna guje mata, saboda ruwan da ya shiga ta bakin takalmi a tsallaken rafi ba ya samun hanyar fita, a ƙasa mai zafi kuma gumi take tarawa har ƙafa ta yi bororo.

Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna da nasu tseren: na Dutsen Kamaru, da ake yi daga garin Buea tun 1973 a kan toka da ƙonannen dutsen aman wuta mai yayyaga roba, da na Obudu a jihar Kuros Riba da aka fara a 2005. Duk da haka, ba a kan waɗannan ƙasashe manyan kamfanoni suka tsara kayansu ba, kuma yawancin takalman da ke isa hannun matasan da ke motsa jiki a duwatsun Shere na Jos ko Kufena ta Zariya ta hanyar gwanjo suke zuwa, bayan wani ya gama cin moriyarsu a Turai. Soson tsakiya yakan mutu tun rufi yana sheƙi, galibi bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800 kamar yadda masu ƙera shi ke ƙiyastawa, kuma ana gane hakan ta tamojin da ke gefensa da kuma karkacewar takalmin idan aka ajiye shi a kan daɓe. Falalen dutse da marmara da tsakuwar arewa sun fi kusa da busassun turbobin Kalifoniya fiye da taɓon Cumbria, saboda haka gajeren haƙori da roba mai ɗan tauri da faifan kariya da rufi mai shan iska amma mai saƙar da ƙaya ba ta hudawa cikin sauƙi su ne suka dace da rani, dogon haƙori kuwa sai a damina a wurare irin tsaunin Mambila, inda ciyawa da jar laka ke mayar da gangare abin tsoro.