Fowil da zafin giya: Bayani ga masu motocin shiga gonakin Bakalori

Mota mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi ke kira fowil, wasu kuma su ce ogzilari, ita ce wadda injinta ke iya tura ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya a lokaci guda. An ƙera ta ne domin taɓo da rairayi da hawan tudu, wuraren da ƙaramar mota ke kafewa. Sai dai wannan ƙarfi yana tafe da sharaɗi. Idan aka sa fowil a inda bai dace ba, ko aka ƙi sa shi a inda ya dace, giyabos da sauran kayan ƙarƙashin mota sukan ɗauki zafin da zai lalata su, kuma gyaransu na daga cikin mafiya tsada a jikin mota.

Yankin da hanyoyinsa

Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tsara ta ne ta shayar da hekta 23,000 a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Shinkafa da masara da dankali da tumatir da albasar da ake nomawa a nan su ke jawo fatake daga birane, yayin da malaman gona da ma'aikatan lafiya da na hukumomi ke shiga ƙauyuka a bakin aiki.

Mai zuwa daga Gusau ko Sakkwato kan bi kwalta har Talata Mafara. Daga inda ya sauka daga babban titi, sai ya tarar da burji, da hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa, da rairayin mashigar rafi, da baƙar lakar fadama. Daga Yuni zuwa Satumba taɓo ne ke cin mota, daga Maris zuwa Mayu kuma zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Tafiya ɗaya tana iya haɗa kwalta da rairayi da ruwa, kuma kowanne da giyar da yake bukata.

Iri uku na fowil

Na farko shi ne na sa-da-cirewa, irin na akori-kurar Toyota Hilux da Land Cruiser 79. Bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya da makanikai ke kira taransifa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin furofelar baya da ta gaba. Sandarsa ko maɓallinsa na da matsayi uku. A 2H tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma nan ne mazaunin mota a kan kwalta. A 4H duka huɗun ke ja da gudu na yau da kullum. A 4L duka huɗun ke ja, amma an rage gudun kusan ninki biyu da rabi, ƙarfin juya taya kuma ya ƙaru daidai da haka. Wasu motocin suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba, wanda sai direba ya sauka ya murɗa shi zuwa LOCK kafin fowil ya kama.

Na biyu shi ne na dindindin, irin na Prado da manyan Land Cruiser. A cikin taransifarsa akwai wani marabin giya da ke barin gaba da baya su juya da gudu mabambanta, shi ya sa yake tafiya a kan kwalta ba tare da matsala ba. Idan aka kulle wannan marabi domin taɓo, motar ta koma tamkar Hilux a 4H, kuma dokokin 4H sun hau kanta.

Na uku shi ne na motocin gida irin su RAV4 da CR-V, waɗanda ma'aikata da yawa ke saya 'yan Kwatano. Tayoyin gaba ne ke jan su, sai idan sun zame wani ƙaramin kuloci ya tura wa baya ƙarfi. Ba su da 4L. Idan suka daɗe suna dambe da rairayi kulocin kan yi zafi, kwamfutar motar ta kashe shi, a koma ja da gaba kaɗai a daidai lokacin da ake bukatar taimako.

Inda zafin ke fitowa

Babban kuskure shi ne barin mota a 4H bayan an hau kwalta. Idan mota ta shiga kwana, tayoyin gaba sukan yi zagaye mai faɗi fiye da na baya, don haka dole su fi su saurin juyawa. A 4H kuwa taransifa ta ɗaure furofelun biyu sun zama abu guda. A taɓo ko burji taya kan ɗan zame ta sauke wannan bambanci. Kwalta ba ta barin taya ta zame, sai ƙarfin ya taru yana murɗe furofela, yana matse haƙoran giya da sarƙar taransifa, gogayya ta ƙaru, mai ya yi zafi. Haka ma yake faruwa ko a miƙaƙƙiyar hanya idan tayoyin ba girmansu ɗaya ba, kamar a haɗa sababbi a gaba da suɗaɗɗu a baya.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato ƙin sa 4L a rairayi mai zurfi ko hawa da kaya. A mota mai giyar otomatik, tsakanin inji da giyabos akwai wani kasko cike da man giya da ake kira kwambata. Idan inji na gudu amma tayoyi na jan ciki, kwambata na ta kaɗa man nan, ƙarfin da bai isa taya ba kuma sai ya rikiɗe ya zama zafi. Man giyar otomatik kan yi aikinsa lafiya tsakanin digiri 80 da 95. Idan ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, ya yi duhu, ya daina kare faifan da ke cikin giyabos. A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke ɗaukar wannan wahala, musamman wajen direban da ke riƙe shi rabi da rabi yana ba da wuta. Sa 4L na rage wa kwambata da kuloci nauyi, domin haƙoran taransifa ne ke yin aikin ninka ƙarfi.

Na uku shi ne lodi. Akori-kura irin Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, kuma a cikin lissafin har da mutanen da ke ciki. Buhu goma na shinkafa mai kilo 100 sun riga sun cinye wannan adadi. Duk abin da aka ɗora a kai, aksul ɗin baya da giyabos ne ke biyan kuɗinsa.

Na huɗu shi ne toshewar lagireto. Tafiyar fowil tafiya ce a hankali, iskar da ke bugun gaban mota ba ta da yawa, sai abin da fanka ta jawo. Idan laka ta bushe a ramukan lagireto, ko ƙaiƙayin shinkafa da 'ya'yan ciyawa suka cushe su, ruwa ba zai huce ba. A yawancin motocin otomatik man giya ma ta cikin lagireto yake bi ya sha iska, don haka zafin inji kan ja na giya.

Na biyar shi ne ruwa. Aksul da taransifa suna da ɗan bututun numfashi a samansu. Idan suka yi zafi aka tsunduma su cikin rafi, iskar cikinsu kan tsuke ta zuƙo ruwa. Man da ruwa ya shiga yakan koma fari-fari kamar koko, ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma illarsa kan bayyana ne bayan kwanaki, lokacin da aksul ya fara kuka.

Alamomi da abin yi

Mota ba ta lalacewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Sitiyari kan yi nauyi, tayoyi su riƙa tsalle a kwana, sandar fowil ta ƙi fita. Akan ji warin ƙuna, ko gunji daga ƙarƙashi, ko giya ta riƙa jinkirin shiga. A motocin Toyota masu otomatik akwai fitilar da ke nuna zafin man giya, ban da allurar zafin inji.

Idan sandar fowil ta maƙale, ba a tilasta ta. Akan miƙe sitiyari, a ja da baya 'yan mitoci, zai fi kyau a kan ƙasa, murɗewar ta saki, sannan a cire. Idan fitilar man giya ta kama, sai a tsaya a wuri mai kyau, a sa giya a P, a bar inji yana aiki a hankali har fitilar ta mutu, domin injin ne ke zagaya da man ya huce. Idan kuwa ruwa na zuba ko tururi na tashi, sai a kashe injin. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, saboda ruwan cikinsa a matse yake kuma zai yi tsartuwa ya ƙona mutum. Ba a kuma kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, don kan injin na iya lanƙwashewa ko tsagewa.

Motar da ta kafe ba wuta take bukata ba. Ci gaba da taka totur na ƙara binne taya ne yana dafa giya. Shebur da itace a ƙarƙashin taya, da sauke wani ɓangare na kaya, sun fi saurin fitar da ita. A rairayi, rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin masu faci na faɗaɗa tafinta, amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a yi gudu a kwalta, in ba haka ba tayar ce za ta yi zafi ta fashe.

Kulawa

Ana sa 4H tun kafin a shiga taɓo, a cire shi da zarar an taka kwalta. Ba a shiga 4L sai mota na tsaye, giya na firi ko an taka kuloci, kuma ba a gudu da shi. Littafin Toyota na ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da fowil a kowane wata domin mai ya zagaya kayan gaba, sai dai a yi ta a kan burji. Man taransifa da na aksul biyu suna da wa'adin canji kamar baƙin mai, kuma kowanne da nau'in da littafin motar ya ambata. Duk lokacin da aka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya kamata bakanike ya buɗe ya duba launinsu. Lagireto kuma a wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, a zuba masa ruwan da aka tanada dominsa maimakon na rijiya mai barin tsatsa.

Ga ɗan kasuwa, kwana ɗaya a daji ya isa ya narkar da lodin tumatir. Ga ma'aikacin da ya sa hannu ya karɓi motar ofis, takardar tuhuma ce ke jiransa. Sannan a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa matafiya ke ƙoƙarin barin hanyoyin daji kafin faɗuwar rana, lalacewar mota ta wuce batun kuɗi. Mai motar da ba shi ke tuƙi ba zai iya farawa da tambaya ɗaya kafin ya miƙa makulli: ya sa direban ya nuna masa inda ake sa 4H, inda ake sa 4L, da inda ake cire su.