Tarihin Daltar Kogin Nilu: Tsakanin Laka da Teku da Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin tarihin ƙasar nan da ke bakin Kogin Nilu a arewacin Masar, wadda masana ke kira dalta, don mu ga yadda ta samu, da yadda ta yi ta sauyawa, da kuma abin da ya same ta tun daga lokacin da mutane suka shiga tsakanin kogin da teku. Girkawa ne suka laƙa mata wannan suna, saboda ƙirarta ta kusurwa uku ta yi kama da harafi na huɗu na rubutunsu. Ta faro ne daga arewa da Alƙahira kaɗan, ta miƙe kimanin kilomita 160 har Bahar Rum, faɗin bakinta kuwa, daga Iskandariyya zuwa Bur Sa'id, ya kai kilomita 240. Mutanen da ke zaune a kanta sun haura miliyan 40.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ita dalta ƙasa ce da ke tsaye bisa ma'auni. A gefe ɗaya akwai lakar da kogi ke kawowa, a ɗaya gefen kuma akwai nitsewar ƙasa da hauhawar teku. Duk gefen da ya rinjaya, shi ke yanke hukunci a kan gonaki da birane.

2.0 Yadda Dalta ta Samu

Kogi idan ya iso teku sai ƙarfin gudunsa ya karye, ya sauke abin da ya ɗauko, yashi mai nauyi nan kusa, laka mai laushi can gaba. Wanda duk ya san yadda ambaliya kan bar sabuwar laka a fadama ya san tushen al'amarin. Sai dai ita sabuwar ƙasar jiƙaƙƙiya ce, nauyin da ke hawa kanta yana matse ruwan da ke cikinta, saboda haka kullum cikin nitsewa take sannu a hankali. Dole ne kogi ya riƙa cike gurbin nan kowace shekara, in ba haka ba teku ya shigo.

Shi kansa tekun bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da na Amurka, ruwan teku ya yi ƙasa da inda yake a yau da kusan mita 120, kuma gaɓar Masar tana can arewa da wurinta na yanzu. Da ƙanƙarar ta fara narkewa sai ruwan ya yi ta hauhawa da saurin da babu kogin da zai iya cim masa. Tsakanin shekaru 8,500 da 6,500 da suka wuce ne hauhawar ta lafa. A shekarar 1994 masana biyu, Daniel Stanley da Andrew Warne, suka kwatanta ƙasar da aka haƙo daga daltoci masu yawa na duniya, suka nuna cewa a wannan tsakani ne kusan dukkansu suka fara ginuwa, wato da ta Nilu, da ta Misisifi a Amurka, da ta Ganjis a Bengal, da ta Yanze a Sin.

Lakar da ta gina daltar Nilu kuwa galibinta daga tsaunukan Habasha take. A dā ruwan damina kan wanke ta zuwa Shuɗin Nilu da Kogin Atbara, ambaliya ta iso da ita Masar a watannin Agusta da Satumba, fiye da tan miliyan 100 a kowace shekara.

3.0 Zamanin Fir'aunoni da Girkawa

Ba a daɗe da kafuwar dalta ba manoma suka sauka a kanta. A Merimde, a gefenta na yamma, an tono kufan wani gari na wajen shekara ta 5000 kafin Miladiyya, wanda mutanensa ke noman alkama da sha'ir, suna kiwon shanu da tumaki. A wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya aka haɗe dalta da kudancin Masar ƙarƙashin sarki ɗaya.

Marubutan Girkawa da Rumawa sun lissafa rassa bakwai da kogin ke bi zuwa teku. Rassan nan ba su dawwama, domin reshe yakan cushe da lakarsa, ruwa ya nemi wata hanya. Alal misali, a ƙarni na 13 kafin Miladiyya Fir'auna Ramsis na Biyu ya gina hedkwatarsa, Fi-Ramsis, a bakin reshen gabas. Bayan kimanin shekaru ɗari biyu reshen ya cushe, jiragen ruwa suka daina isowa, sai sarakunan da suka biyo baya suka koma Tanis, har suka kwashe gumaka da manyan duwatsun tsohon birnin suka yi gini da su a can.

Wasu biranen kuma teku ne ya ci su. Kafin a kafa Iskandariyya a shekara ta 331 kafin Miladiyya, Harakliyon ita ce babbar tashar jiragen Girkawa a bakin reshen yamma. An gina ta a kan laka maras ƙwari, girgizar ƙasa da ambaliya suka yi ta raunana ta, har ta ƙarasa nitsewa a wajen ƙarni na 8 na Miladiyya. Sai a shekarar 2000 Franck Goddio, mai binciken kufai na ƙarƙashin ruwa, ya gano ta a mashigin Abu Ƙir, cikin ruwa mai zurfin kimanin mita 10.

4.0 Zamanin Musulunci

Bayan da Amru ɗan Asi ya ci Masar tsakanin 639 da 642, sababbin masu mulki suka gaji tsarin ban-ruwa na dā. Manoma kan kewaye filaye da ganuwar ƙasa, su buɗe wa ambaliya ta shiga ta kwanta kamar kwana arba'in, ta ajiye lakarta, sa'an nan a sallami ruwan a yi shuka sau ɗaya a shekara. A shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin ruwa a tsibirin Rauda da ke Alƙahira. Idan ruwa ya kai zira'i 16 an san shekara ta yi kyau, kuma da shi ake kimanta harajin gona.

Duk da haka arewa maso gabashin dalta, inda ƙasa ta fi saurin nitsewa, ya ci gaba da komawa ruwa. Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya ruwaito cewa tafkin da ke kewaye da birnin Tinnis, wato Manzala na yau, a dā lambuna ne da gonaki kafin teku ya malale su. A cikin ƙarnukan nan ne rassan kogin suka ragu zuwa biyun da muka sani, na Rashid da na Dumyat. To amma da yake laka ba ta yanke ba, bakin rassan nan biyu ya yi ta kutsawa cikin teku har zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

5.0 Zamanin Madatsu

Muhammadu Ali, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848, shi ya fara karya wannan tsari. Yana son auduga mai dogon zare don kasuwannin Turai, ita kuwa da bazara take bukatar ruwa, lokacin da kogi ya janye. Saboda haka aka haƙa magudanai masu zurfi, aka kuma fara gina shingen ruwa a inda kogin ya rabu biyu, wanda aka kammala a farkon shekarun 1860. A 1902 Ingilishi suka gina madatsar Aswan ta farko, aka ƙara mata tsawo har sau biyu. Tun daga lokacin bakin Rashid ya fara ja da baya.

Babbar madatsar Aswan, wadda aka fara a 1960 zamanin Jamal Abdul Nasir da taimakon Tarayyar Sobiyat, ta datse kogin a 1964, aka gama ta a 1970. Bai kamata mu raina amfaninta ba. Ta ba da wutar lantarki, ta sa ana noma sau biyu ko uku a shekara, kuma a farin shekarun 1980, wanda ya jawo yunwa a Habasha da yankin Sahel, ruwan da ta tara ne ya rufa wa Masar asiri. Amma kusan dukkan lakar yanzu a tafkin Nasir take kwanciya. A wasu shekarun teku ya riƙa cin fiye da mita 100 na bakin Rashid, har sai da aka gina masa katangar kankare a ƙarshen shekarun 1980. Kifin sadin da masunta ke kamawa a gaɓa ya faɗi daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 500 a 1968. Manoma suka koma dogara da takin zamani, masu yin jan bulo kuma suka shiga kankare ƙasar gona, har gwamnati ta haramta yin haka a shekarun 1980.

Daɗin daɗawa, tekun da ya yi dubban shekaru a lafe ya sake motsawa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2021 cewa ruwan tekun duniya ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. A wajen Manzala kuma ƙasar tana nitsewa har kusan milimita 5 a shekara. Haɗuwar biyun ce ke tura ruwan gishiri cikin rijiyoyi da gonakin arewacin dalta.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa shekaru kusan dubu bakwai dalta ta yi tana asarar birane da rassa, amma tana mayar da gurbinsu, domin laka na zuwa. Cikin ƙarni ɗaya da rabi aka yanke wannan laka, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Katanga tana iya kare birni, amma ba ta ƙara wa ƙasa tudu.

Hausawa na cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wani kaso na lakar da ke gina daltar Kogin Kwara daga ƙasashenmu na arewa yake gangarawa, kuma an datse hanyoyinsa a Kainji a 1968, da Lagdo a kan Binuwai a 1982, da Jebba da Shiroro bayan haka. Muna ganin ya wajaba masu tsara madatsu su riƙa lissafa laka kamar yadda suke lissafa ruwa da lantarki, su kuma tanadi hanyar da za ta riƙa wucewa zuwa ga mutanen bakin teku.