2.3 Tarihin Bunƙasar Kasuwar Furobayotik a Harkar Kiwo

Furobayotik wasu ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin su Lactobacillus da Bacillus, waɗanda ake cuɗawa cikin abincin dabbobi domin inganta lafiyar hanjinsu. Ba za a fahimci tarihin kasuwarsu ba sai an waiwayi na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik.

A wajejen shekarar 1950 ne wasu masana a Amurka, Jukes da Stokstad, suka gano cewa ɗan antibayotik kaɗan cikin abinci yana hanzarta girman 'yan tsaki. Nan da nan masu kiwo suka rungumi wannan hanya saboda araharta. Amma a 1969 Rahoton Swann ya gargaɗi gwamnatin Birtaniya cewa hakan yana haifar da ƙwayoyin cutar da ba su jin magani, waɗanda kan iya kama ɗan Adam.

A 1973 kuma, Nurmi da Rantala na ƙasar Finlan suka nuna cewa idan aka bai wa ɗan tsako ƙwayoyin hanjin lafiyayyar kaza, ƙwayar Salmonella ba ta samun mazauni a cikinsa. Duk da haka kasuwar ba ta kankama ba, domin antibayotik ya fi sauƙin kuɗi. Sai da Suwidin ta haramta amfani da shi don ƙara girman dabbobi a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu gaba ɗaya a 2006, sannan masu kiwo suka karkata ga furobayotik.

Wannan ya nuna cewa bincike ne ya samar da hajar, amma doka ce ta buɗe mata kasuwa.