Ƙarfen da Aka Fara Kira Mai Zaƙi

A Jos na fara riƙe dutsen a hannuna. Wani dillalin duwatsu masu daraja ne ya kwance ƙullin leda, ya zazzage min su a tafi, shuɗaye garai-garai, ya ce daga wajajen Nasarawa Eggon aka haƙo su. Akwamarin yake ce musu. Lokacin ban san uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da zumurrudu ba, balle in san akwai wani ƙarfe kwance a cikinsu, beriliyam.

Wannan 'yan'uwantakar ce ma ta tona asirin ƙarfen. Wani masanin duwatsu a Faransa, René Haüy, ya lura ƙirar duwatsun biyu iri ɗaya ce, sai ya roƙi wani masanin sinadarai, Louis-Nicolas Vauquelin, ya bincika masa. A 1798 Vauquelin ya gano wani sinadari a cikinsu wanda ba a taɓa sani ba. Masanan zamanin kuwa ba sa jin tsoron kai abu baki. Suka lasa gishirinsa, suka ji zaƙi, aka raɗa masa glusiniyam, wato mai zaƙi, sunan da Faransawa suka riƙe har 1957. Duk sanda na tuna da lasar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Sai a 1828 Friedrich Wöhler a Jamus da Antoine Bussy a Faransa, kowa a nasa ɗakin, suka ware ƙarfen zalla. Daga nan ya yi kusan shekara ɗari ba wani aikin kirki, kafin a gane cewa in an zuba kamar kashi 2 cikin 100 nasa a jan ƙarfe, sai ya yi tauri kusan na baƙin ƙarfe. Guduma da sufanar da aka ƙera da wannan gamin ba sa tartsatsi, shi ya sa ake shiga da su matatar mai da rumbun albarushi.

Inda labarin ya ɓaci shi ne garin Salem na jihar Massachusetts a Amurka. Can a da ana shafa hodar beriliyam a cikin dogon ƙwan fitilar lantarki, kuma yawancin masu aikin mata ne. Suka fara tari, da haki, da rama, wasu ma bayan sun daɗe da barin aikin. Wata likita, Harriet Hardy, ta bi diddigin mutum 17, ta nuna a 1946 cewa ƙurar ce ke cinye musu huhu. Ba a daina sa shi a fitila ba sai 1949.

Yau madubai 18 na na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, da aka harba a 2021, da beriliyam aka yi su aka shafe da zinare, saboda beriliyam ba shi da nauyi kuma sanyi ba ya lanƙwasa shi. Dutsen zobe dai ba ya cutar da mai sa shi. Duk da haka ban saya ba ranar, don kuɗin da dillalin ya yanka ya fi ƙarfin aljihuna.