Cinikin Doki a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa: Abin da Mai Saye Kan Duba

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa tambayoyin da mai sayen doki kan yi a da, da abubuwan da yakan duba, wata kafa ce ta fahimtar tarihin ƙasar Hausa. Doki a wancan zamani makamin yaƙi ne. Wanda ya sayi doki mai aibi, ransa ya jefa cikin haɗari.

Darajar Doki

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji (1390-1410) aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano. Wannan kaya yana da nauyi, sai ingarma ke iya ɗaukarsa tare da barde. Haka kuma Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya rubuta cewa Sarkin Barno yakan ba fataken Arewacin Afirka bayi 15 ko 20 a kan doki guda. Abin da ya kai wannan tsada kuwa ba a sayensa da ka, domin Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Abin da Ake Tambaya da Dubawa

Tambaya ta farko ita ce asali: ɗan Azbin ne, ko daga Barno ya fito? Ya taɓa zama a kudu, inda ƙudan tsando ke sa wa dabbobi sammore? Me ya sa mai shi zai rabu da shi?

Daga nan sai a buɗe bakinsa, domin haƙora ke nuna shekaru. A duba idanu da hanci, a ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, a shafa gadon baya ko akwai miki ko tabon sirdi. Launi ma yana da nasa matsayi, shi ya sa muke da sunaye irin su akawal da kili da bidi da hurde da danda.

Gwaji na ƙarshe shi ne hawa. A ja shi a ga ko yana ɗingishi, a yi sukuwa a saurari numfashinsa, a ja linzami a ga ko yana tsayawa. A nan ne halinsa kan fito, in mai tutsu ne ko harbi ko cizo ko firgita.

Dillali da Shari'a

Duk iya kallon mutum, wani aibin ba ya bayyana a rana ɗaya. Abu biyu suka toshe wannan kafa. Na farko dillali, wanda la'adarsa ta dogara ga amanarsa. Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufafi, in an tarar da algus ko a Barno ne sai a komo da kayan. Muna ganin kasuwar da ta tsananta haka a kan riga ba za ta sassauta a kan doki ba. Na biyu shari'a: Muhtasar na Halilu, wanda malamanmu ke karantarwa, ya halatta sharaɗin zaɓi na kamar kwana 3 a cinikin dabba, kuma mazhabar Malikiyya ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye aibinsa.

Kammalawa

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, doki ya bar fagen fama ya koma hawan salla da kilisa. Amma wannan ilimi yana nan a bakin tsofaffin dillalai da ma'aikatan bargar sarakuna, kuma kullum raguwa suke yi. Muna kira ga mahalarta wannan taro da mu tura ɗalibanmu su tattara shi tun masu shi suna raye.