Jan Tayil ɗin Salernes da Abin da Ke Ƙarƙashinsa

A kudancin Faransa, cikin yankin Provence, akwai wani ƙaramin gari mai suna Salernes wanda ƙasarsa ja ce saboda yawan sinadarin ƙarfe a cikin yumɓunta. Tun farkon ƙarni na 19 mutanen garin suka shahara da yin wani ɗan tayil mai kusurwa shida da Faransawa ke kira tomette. Yumɓun ake tacewa, a yanka, a shanya, sannan a gasa shi a tanderun itace. Ba a yi masa fenti, wutar ce ke ba shi launi. Wanda ya kusanci harshen wuta sai ya fito ja wur har da ɗan duhu, na nesa kuwa ya fito fatsi-fatsi, shi ya sa daɓe ɗaya kan ɗauki launuka da dama.

A wancan zamani kayan talaka ne da mai matsakaicin hali. Yana da araha, ba shi da kauri, kuma rashin nauyinsa ya sa ana iya shimfiɗa shi a benen da aka yi da katako. Daga tashar jiragen ruwa ta Marseille aka riƙa lodinsa zuwa ƙetare, har Arewacin Afirka, inda Faransa ta fara mamaye Aljeriya a 1830. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai kasuwarsa ta faɗi. Ledar ƙasa da tayil ɗin inji suka zama abin yayi, masu gida suka riƙa rufe tsohon daɓen ko su fasa shi su zubar.

Yanzu abin da aka zubar ɗin ne masu hali ke bi da tsada. To, me ya sa tayil mai shekara fiye da ɗari yake ɗaguwa lafiya lau har a sake sayar da shi? Amsar tana ƙarƙashinsa. Maginan da sun ɗora shi ne a kan kwaɓin yashi da farar ƙasar da ake samu daga ƙona dutse. Wannan kwaɓi mai laushi ne, yana riƙe tayil amma ba ya cin jikinsa, kuma yana barin danshi ya fita. Simintin zamani, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ya ɗauki lokaci kafin ya kori tsohon kwaɓin daga gidajen karkara. Da ya shigo kuwa, duk tayil ɗin da ya kama ba ya sakinsa sai a farfashe.

Saboda haka dillalan da suka san sana'arsu bayan tayil suke fara dubawa. Farin ɓurɓushi mai gogewa da buroshi shaidar tsohon aiki ne, wani lokaci ma har da hatimin masana'anta. Fuskar kuma ta kan lotsa kaɗan inda sawu ya daɗe yana bi, da sheƙin kakin zuman da aka yi ta shafawa. Akwai masu tsufar da sabon tayil da gangan, amma lalacewar da inji ya yi ta kan zo iri ɗaya a ko'ina.

Cinikin bai rasa abin zargi ba. Kowane tsohon daɓe da ya isa wani katafaren gida a Landan ko Amurka, daga wani gidan ƙauye aka ɓamɓaro shi, kuma ba duka gidajen ne suka riga suka rushe ba. Abin da ya fi ban takaici shi ne yadda masu saye da yawa ke ɗora shi da siminti ko gam na zamani don sauri, wanda ke nufin da wuya a sake ɗaga shi da ransa.